Katangar Usmanu Ta Kama Ɓarawo

Samira na zaune a gindin mangwaro a Gubuchi, kwamfuta a cinya, manoma sun yi layi sun zuba mata ido. Da la'asar za a rufe rajistar taki, ga sunaye ɗari da arba'in a hannunta, rumbun bayanan ƙungiya kuwa yana can Makarfi ya ƙi buɗuwa. Ba yadda ta iya sai ta kira mai kula da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun. Abin haushin, Usmanu ne, ɗan kawunta, taubashinta.

Ya gaishe ta, ta amsa: "Lafiya lau. Ya ƙaton kan nan naka?"

"Yana nan yana yi muku tunani. Baiwata, me kika ɓata kuma?"

"Baiwar wa? Ɓoyayyiyar hanyar nan da ka haƙa mana zuwa rumbu, tanel kake ce mata ko me, ta rufta. Sai juyi take, ta ce lokaci ya ƙare."

"Tanel ɗina ko gafiya ba ta san da shi ba. Kin sa kalmar sirri daidai? Na san ki, kwaɗon ɗakinki ma da dutse kike buɗe shi."

"Sau uku na duba. Lambar ƙofa ma ita ce ka rubuta min, da rubutun nan naka kamar tonon kaza."

"To sabis ne. Hau mangwaro."

"Sabis a cike yake. Kai dai duba aikinka."

Ta ji yana ƙwanƙwasa madannai, can sai ya yi ihu.

"Kai! Katangar tsaro ta kama ɓarawo! Wata baƙuwar lamba ke buga ƙofa tun hantsi, sau goma sha tara. Na toshe ta."

"Ni ce ɓarawon, sarkin wayo. Da wayata na haɗa."

"Wa ya aike ki? Katangar nan layi ɗaya ta sani, na 'yar na'urar intanet da ofis ya ba ki. Ina take? Kin sayar kin ci awara?"

"Tambayi aljihunka."

"Aljihuna kuma?"

"Ranar suna a gidan Hauwa'u, wa ya zare ta daga jakata a gaban mutane, ya ce kayan baiwa na ubangijinta ne?"

Ta ji yana laluben aljihu.

"Wai wannan da nake kallon ƙwallo da ita?"

"Ita fa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Usmanu ya tuntsire da dariya. "Na sha ƙasa. Na buɗe wa lambar wayarki, gwada."

Ta danna. Rumbu ya buɗe, sunan farko ya shige.

"Ya shiga. Saura na'urata."

"Gobe zan kawo da kaina, da mazarƙwaila curi biyu."

"Uku."

"Uku, ranki ya daɗe. Amma don Allah kada Baba ya ji wannan magana."

"Ai a sifika kake tun ɗazu. Ga Kawu nan a layi, shi ne na bakwai."