Ƙungiyar Tunawa da Barmo

A wani gari can ƙuryar hamada, zamanin da ayarin gishiri ke yada zango a bakin ganuwarsa, an yi wani mahaƙin rijiya mai suna Barmo. Sunan garin Ruwan-Sanyi. Rijiyar garin ɗaya ce tak, amma ƙungiyoyinsa arba'in da uku ne. Akwai ta Masu Kishin Gari, akwai ta Masu Kishin Gari na Ainihi, akwai ta 'Yan Kallon Dambe, har da ta Tsofaffin Shugabannin Ƙungiyoyi, wadda ta fi kowace cika. Barmo ba ya cikin ko ɗaya, don haka ba a lissafa shi cikin mutane.

Wata shekara ya lura rairayi na cinye rijiyar, guga na dawowa rabinsa laka. Ya tafi fada ya durƙusa gaban Mai Gari Sai-An-Jima.

"Ranka ya daɗe, a ba ni mutum goma da kwanduna, kwana huɗu mu yashe ta."

Mai Gari ya ce, "Da yawun wace ƙungiya kake magana?"

"Da yawun rijiya, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya tsoma baki, "Ba ta da rajista."

Duk da haka aka miƙa wa ƙungiyoyi maganar. Suka yi wata biyu suna zama, suka tsayar da Bikin Ceto Rijiya: kokawa da safe, tseren raƙuma da azahar, kalangu da 'yan kama da la'asar. Ɗan ruwan da ya rage aka jawo aka yayyafa wa fili, kada ƙura ta ɓata wa manyan baƙi riguna.

Da Barmo ya ga haka, ran nan ya ɗaura igiya ya sauka shi kaɗai. Bai cika kwando uku ba gefen rijiyar ya rufto, ya binne shi zuwa ƙugu. Ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe, amma kiɗa ya yi daɗi a fili. Washegari aka tsinci takalmansa a bakin rijiya. Ba wanda ya leƙa, domin leƙe aikin Kwamitin Leƙe ne, shi kuwa ba a rantsar da shi ba tukuna.

Kwana na uku wasu fatake suka zura guga, suka jawo mutum. Suka ba shi nonon raƙumi da dabino, ya lallaɓa ya shiga gari yana jan ƙafa.

A dandali ya tarar da rumfa maƙil da jama'a, kowa cikin anko. Ƙungiya ta arba'in da huɗu ake ƙaddamarwa, ta Tunawa da Barmo. Shugabanta Alhaji Na-Kowa, dillalin raƙuma, na tsaye yana share hawaye, yana ba da labarin yadda suka taso tare da marigayi. Barmo bai taɓa shan ko furarsa ba.

Ya ce, "Jama'a, ga ni fa da raina!"

Alhaji Na-Kowa ya dube shi sama da ƙasa, ransa a ɓace.

"Bawan Allah, an yanka anko, an raba muƙamai, an gayyato makaɗa daga garuruwa bakwai. Sai yanzu za ka zo mana da wannan magana? To, mu nan ba ma danniya. A yi ƙuri'a. Duk wanda ya tabbata Barmo ya rasu ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi rututu. Barmo ya shiga waige yana neman matarsa Tabawa. Can ya hango ta a sahun gaba, bisa kujera mai katifa, an naɗa ta Uwar Ƙungiya, ta sha sabuwar atamfa irin wadda shekara ashirin bai iya saya mata ba. Suka haɗa ido. A hankali ta kai hannu sama tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta sauke ba sai da mai ƙirga ya wuce.