Yaƙin Cindo Kafinta da Aljihun Teburin Marigayi

Da sunan Allah, Mai ɗaukaka wanda Ya so. Wannan shi ne tarihin Cindo ɗan Barau, jikan Nomau masassaƙin turmi, tattaɓa-kunnen Jatau wanda aka ce ya taɓa hango gatarin Sarkin Sassaƙa daga nesa. Cindo Barden Zarto, Sadaukin Ƙusa, dodon bencin Tudun Wadan Zariya, wanda tun da ya fara sana'a bai taɓa haɗa kujerar da ƙafafunta huɗu suka taɓa ƙasa lokaci guda ba.

Ran wata Talata da hantsi Hajiya Lantana, matar marigayi akawun jirgin ƙasa, ta nemi agajinsa. Dangin mijinta sun kai ƙara kan gidan da take ciki, alƙali ya ce ta zo da takardar gida ran Alhamis. Takardar kuwa tana aljihun teburin marigayi, wanda bai taɓa barin kowa ya kusanta ba, sai bayan rasuwarsa aka fito da teburin falo. Aljihun ya ƙi buɗuwa.

Teburin nan aikin hannun wani gwani ne na ƙasar Ingila, ya haura shekara ɗari, an yi shi da katakon da suke kira ok, wanda gara kan yi wa sallama ta wuce. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, an saƙa katako cikin katako kamar yatsun hannu. Cindo ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Hajiya, wanda ya yi wannan ko ƙusa bai iya bugawa ba."

Sai ya tuɓe riga, ya soke fensir a bayan kunne, ya kama mariƙin tagulla na aljihun ya ja da ƙarfin kakanninsa bakwai. Mariƙin ya biyo shi, suka tafi tare har ƙasa. Ya miƙe cikin izza ya zare guduma, ya yi kururuwa, "Sai ni na Barau, maganin busasshen ice!" Ya kai farmaki na fari, babban yatsansa ya yi shahada. Ya kai na biyu, furannin da gwanin ya sassaƙa suka watse kamar rundunar da aka kashe wa sarkin yaƙi.

"Malam Cindo, a hankali, kayan marigayi ne!"

"Hajiya, koma baya, ba a shiga tsakanin maza!"

Har azahar ana gumurzu, zarto ya zubar da haƙora goma sha ɗaya fi sabilillahi, kafin a yi fatahi. Cindo ya leƙa ramin da ya huda, bai ga komai ba sai wani katakon. Ashe aljihun na ado ne.

Hajiya ta share hawaye, ta ɗauko tsintsiya, ta janye teburin daga bango don ta kwashe ɓaraguzai. Sai ga aljihun gaskiya ta baya, ya sulalo da kansa ko ƙara bai yi ba, takardar gida na kwance a ciki.

Cindo ya tsotsi yatsansa, ya gyara murya ya ce, "Ai ni na karya masa lago."

Hajiya ta miƙa masa tsintsiyar.