Bizar Inna

Da matata ta samu aikin jinya a Turai, ni na cike takardar bizar bin ta da hannuna. Malamin makaranta guda, wa zai koya mini cike fom? Da na iso inda ake tambayar iyayen matata, na rubuta sunan surukata, na ɗauka shi ke nan ta samu kujera a jirgi.

Na je gaishe ta a Ƙofar Jatau, na durƙusa, kaina a ƙasa. Ta ce abin da ke hana ta barci shi ne wa zai yi wa 'yarta wankan jego a can.

Na ce, "Inna, ai na sa sunanku. Tare za mu tafi."

Kafin sati ta raba awakinta, ta zaga unguwar Kusfa gida-gida tana neman gafara.

Biza ta fito, tawa ni kaɗai. Kunya ta hana ni taka gidan, sai matata ce ta faɗa mata ta waya.

Inna ba ta yi fushi ba. Amma har yau in na kira, sai ta ce, "Jakada, jirgin nawa ya taso, ko in karɓo awakina?"