Tabarau a Hannun Biri

"...Lafiya lau muka kwana, Jija, sai yanzu da na ga fuskarka."

"Madalla. Ni ma da na hango ki na ɗauka hadari ne ya taso daga kogi."

Haka ƙanwata Sudesh da mijina Tilak Raj suke gaisawa, yau shekara talatin da ɗaya. Jija take kiransa, wato mijin yaya. Mun haɗu da hantsi a bakin kogin Beas, nan Sujanpur, ina rungume da kwalin alewar laddu. Bara da ciwon zuciya ya kwantar da shi na yi bakance: in ya tashi, zan kai kwalin nan ɗakin bautar da ke cikin kangon tsohuwar fada a kan dutse. Mu hau ta gabas, mu sauko ta yamma, ba juyawa baya, ba buɗe kwali a hanya. A raina na gama yarda cewa in na saɓa, ciwon zai dawo.

Muna fara hawa Sudesh ta ce, "Cire tabarau ɗin nan ka sa a aljihu. Birai na nan a sama."

"In cire in taka me? Daina ganinki hutu ne, amma dutsen fa?"

"Za su ƙwace."

"Danginki ne, ki yi musu magana. Ranar aurena wa ya sace min takalma yana dariya?"

"Al'ada ce. Kuma taimakonka na yi, takalman nan ko jaki ba zai sa ba."

Na ce su yi shiru, ba wanda ya ji ni. Da muka wuce rabin hawan, hanya ta tsuke har sai mutum ɗaya. Dama rusasshen bango, hagu kuwa babu komai sai iska, da kogi can ƙasa kamar zare. Nan ne wani ƙaton biri ya diro kafaɗar mijina, ya zare tabarau, ya koma kan reshen wata bishiya da ya leƙa rami. Kafin in rufe baki wasu goma sun jeru a kan bango, duk idonsu a kan kwalina.

Na ƙara matse kwalina. Tilak Raj ba tabarau ko tafin hannunsa ba ya rarrabewa, ga shi taku biyu tsakaninsa da bakin rami.

"Jija, kar ka motsa," in ji Sudesh, murya ƙasa-ƙasa. "Jingina da bango. Dama! Damarka, ba ta maƙwabcinka ba!"

"Na jingina. Wannan baƙin abin da ke gabana, ke ce ko birin?"

"Kar ka ba ni dariya, don girman Allah. In suka ga haƙora za su ce faɗa nake nema."

"Haƙoranki kam ko ni na sha ɗauka faɗa suke nema."

Ta cije leɓe. Na ga kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko tsoro. Kowa a garinmu ya san biri ba ya sakin tabarau sai an jefa masa abin da zai cafe da hannu biyu. Dukan biri kuwa ba a yi, dabbar ubangiji Hanuman ce. Abin ci ɗaya ne a fili, shi ne wanda na matse a ƙirji.

"Kamlesh," mijina ya kira ni, a hankali. "Ba shi ɗaya mana."

"Ba zan buɗe ba."

"To mu koma ƙasa."

"Ba zan juya ba!" Sai ga hawaye. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa, na ji haushin birin da ya fara gwada tabarau a haƙori.

Sudesh ta zura hannu cikin jakarta, ta fito da gwaiba ɗaya, an gatsi gefenta.

"Me ta ciro?" ya tambaya.

"Gwaiba."

"Guda? Kin zo rakiyar mara lafiya da gwaiba guda, ita ma kin ci rabi?"

"Ɗanɗana masa na yi, babban baƙo ne. Ba irinka ba."

Amma ba ta jefa ba tukuna. In ta jefa yanzu, birin zai saki tabarau a rami. Dole sai ta janyo shi ya dawo kan bango, ta tsaya a ƙarƙashinsa, bayanta ga ramin. Ta yi taku ɗaya, tsakuwa ta zame a ƙafarta ta gangara. Mun daɗe ba mu ji saukarta ba.

"Didi," ta kira ni, wato yaya, "ƙafata ta ƙi tafiya."

Mijina ya juya fuska inda muryarta take. "Sudesh, kin san abin da ke damuna? In kin faɗa kogin nan, kifaye za su yi ƙaura. Me masunta suka yi miki?"

"Rufe min baki."

"Matar da ta haura katangar gidanmu da takalmana a hammata, ita ce biri ya tsayar? Ashe tsufa ya zo."

"Tsufa? Ni?"

"Ko ba tabarau ina hango furfurar."

Ta yi ƙwafa, ta taka, ta sake takawa. Ta ɗaga gwaibar tana kiran birin da lallashi, irin muryar da ba ta taɓa yi wa mijina ba. Ya yi jim, ya diro kan bango. Ta shimfiɗa gyalenta a hannu ɗaya, ta wurga gwaibar sama. Ya cafe da hannu biyu, tabarau suka faɗo cikin gyalen. Sauran birai suka bi shi da ihu suka bar mu.

Mijina ya sa tabarau, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ya ƙare mata kallo. Fuskarta jiƙe take sharkaf.

"Kuka kika yi?"

"Gumi ne. Kai zan yi wa kuka?"

Muka ci gaba da hawa har muka shiga kangon, muka ratsa ƙofofin da ba rufi, muka isa ɗakin bauta. Kwalina a rufe yake kamar yadda na ɗauko shi. A bakin ƙofa kowa ya sunkuya cire takalmi. Tilak Raj ya cire nasa, ya kakkaɓe ƙurarsu, ya miƙa wa Sudesh da hannu biyu.

"Ungo. Yau ba sai kin sata ba."

Ta dubi takalman, ta waiga ta tabbatar ba biri a kusa, sannan ta buɗe haƙoranta duka.