Ranar da Na Wanke wa Dakta Duwatsu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma har yau ban ce laifina ne ni kaɗai ba. Babu wanda ya gaya mini cewa a jami'a ba a wanke dutse.

Ina da shekara arba'in na fara riƙe biro. Kafin nan shekara ashirin na yi ina fasa tsakuwa a gindin duwatsun Bauchi. Da na yi shekaru ina karatun manya har na samu shiga jami'a a Yelwa, nan Bauchi, ilimin duwatsu na zaɓa. 'Yan ajinmu sa'o'in 'ya'yana ne, Mama suke ce mini.

Wata Talata malaminmu, Dakta, ya jera duwatsu bakwai a tire. Ya ce da farko duniya narkakkiya ce, ta huce ta yi baƙin ɓawo mai nauyi. Ɓawon ya sake narkewa, mara nauyin ya taso sama kamar man shanu a ƙwaryar nono, shi ya zama ƙasar da muke takawa. Yadda aka yi ya narke kuwa, masana na ta musu har gobe. Ya ɗaga wani toka-toka mai zane, ya ce wannan ya haura shekara biliyan uku, daga nesa aka aiko masa.

Ni abin da na gani daban: ƙura, da wani ɗigon farin fenti a jikin kowanne, an yi masa ƙazamin rubutu. Dutse mai wannan daraja a bar shi haka? Da aka fita cin abinci na samo bokiti da sabulu da soson ƙarfe. Na dirje su tas (har waƙa nake yi, Allah ya shirye ni), na shanya su a taga.

Ngozi, 'yar ajinmu, ta fara shigowa. Ta ɗora hannu a ka. "Mama, kin kashe mu! Ina lamba?"

Ashe fentin nan lamba ce, ita ke nuna inda aka ɗebo kowane dutse. Dakta ya shigo, ya dubi taga, ya dube ni da kumfa har gwiwar hannu. Yara suka kwashe da dariya. Na ji kamar in shige bokitin.

"Mama," in ji shi, "sunayen duwatsun na sani. Amma huɗu daga ciki kamarsu ɗaya, har da tsohon. Idan ba a raba su ba, sai dai ki yi bayani gaban shugaban sashe."

Wato karatun da na sha wuya a kai zai tafi a ruwan sabulu.

Na goge hannu a zanina na ce, "Dakta, buɗe littafin da ka rubuta inda aka ɗebo su, ka ba ni ƙaramar guduma."

Na ɗauki na farko na ƙwanƙwasa. "Wannan na hanyar Dass ne, ɓarewa yake falle-falle." Na biyu: "Hanyar Jos. Mai taurin kai, ya cinye mini guduma uku." Na uku na shafa kawai, na hanyar Ningi ne, shi ke yanka yatsa. Dakta yana duba littafi yana haɗa bayanin da abin da ke hannuna, fuskarsa tana sakewa.

Na miƙa masa na huɗun. "Wannan ban san shi ba. Baƙo ne. Ga tsohonka."

Ya sa gilashinsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Shi ne." Ngozi ta rangaɗa guɗa irin tasu, aji ya ɗauki tafi.

Abin da na koya: ba kowane datti ba ne datti, wani na masu digiri ne, a tambaya kafin a taɓa.

Washegari na biya kasuwar Wunti na sayi ƙaramin gwangwanin farin fenti, na hau keke zuwa Yelwa. Na tarar da Dakta a ofis, na dire gwangwanin a teburinsa.

"Karanto lambobin," na ce. "Ni zan rubuta."