Sati Uku Babu Hayaƙi A Gidana

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ko na so in manta mutanen unguwarmu Narayi ba za su bar ni ba. Da ana mayar da kwanaki baya a gyara, sati uku kacal zan roƙa a ba ni, wato satin ukun da na hana hura wuta a gidana alhali da ƙananan yara biyu a ciki. Na lura tsoho ya fi samun sauƙi idan ya ba da labarin wautarsa da bakinsa, kafin wasu su ƙara masa gishiri.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama na shiga masaƙa a Kakuri, ina gaban inji har ranar da aka rufe ta. Yanzu sai ɗan noma a wata gona da nake da ita gaba da Kamazou, sai kuma hidimar coci, inda nake cikin dattawa. A gidan akwai ni da matata Saratu, da Rifkatu matar ɗana Ishaku. Shi Ishakun direban babbar mota ne, yakan yi wata bai leƙo gida ba. Sai jikokina biyu, Godiya mai shekara shida da Bulus mai shekara uku da 'yan watanni.

Abin ya samo asali ne daga asibiti. Likita ta auna ni ta ce jinina ya hau, in rage gishiri da mai, in ƙara ganye. Iyakar abin da baiwar Allah ta faɗa ke nan. To amma Ishaku ya saya mini waya irin ta shafawa, kuma a cikinta na haɗu da wani mutum mai farar riga, fuskarsa tana sheƙi, yana zuba Turanci kamar ana korarsa. (Rabin maganarsa nake ganewa, sauran rabin ni nake cikawa da kaina.) Abin da na ɗauka shi ne wuta tana kashe amfanin abinci, kuma duk cutar duniya daga tukunya take fitowa. Na kwana uku ina kallonsa. A rana ta huɗu na ƙara da nawa wa'azin: ai Adamu da Hauwa'u ba su da murhu a gonar Aidan.

Na tara iyali a tsakar gida na sanar da su cewa daga yau ɗanyen abinci za mu riƙa ci.

Saratu ta dube ni ta ce, "Baban Ishaku, likitar ce ta ce haka?"

Na ce, "Wanda ya fi likitar ne ya faɗa."

"Su yaran ma hawan jinin gare su?"

"Rigakafi ake yi musu."

Ta ce to a bar musu ko garin kwaki su riƙa jiƙawa. Na ce ai a wuta ake soya shi. Ta ce ƙuliƙuli fa. Na ce shi ma ya ga wuta. Ta ce kunun safe na yara. Na ce kunu shi ne babban mai laifi. Rifkatu kuwa, da yake suruka ce, kanta a sunkuye ta ce, "To, Baba." Ni kuma na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin goyon baya.

Don kada Shaiɗan ya jarabci kowa, na kulle murhun gawayi a sito tare da hatsi da doya, na rataya makullin a wuya. Kan tukunyar gas kuwa na kwance shi na jefa cikin jakar da nake ɗaukar Littafi Mai Tsarki. Duk inda zan je da shi nake tafiya.

Gaskiya kwana biyun farko an yi nishaɗi. Na cika gida da gwanda da ayaba da kankana, yara suna ta murna kamar Kirsimeti. Daga nan aka gangaro kan karas da kabeji da kokwamba da ɗanyar gyaɗa. Har wake na jiƙa ya tsiro, na yanka masa tumatir na ce ga abincin dare. Godiya ta leƙa kwanon ta ce, "Kaka, shuka za mu yi?"

Ita Godiya da sauƙi, don na ji daga baya uwarta tana saya mata ƙosai a hanyar makaranta, ta goge mata baki kafin su rabu. Bulus ne ya shiga uku, domin wuni yake yi a gida tare da ni, ni kuma ba ni da wurin zuwa. Yaro ya tauna karas har muƙamuƙinsa ya gaji, ya ajiye, cikinsa bai cika ba. Cikin sati na biyu ya fara zawo. Wandonsa ya soma zamewa. Yaron da kajin gidan ba sa hutawa saboda shi ya koma zama a bakin ƙofa yana kallonsu. Sau uku Saratu tana kirana ɗaki tana cewa in dubi yaron nan da kyau. Sau uku ina ba ta amsar da na haddace daga waya: dattin jiki ne yake fita.

Ni ma na rame, kwat ɗina na coci ya koma kamar na aro. Duk wanda ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" sai in buga ƙirji in ce ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba.

Abin da na manta shi ne unguwa tana da ido da hanci. Mai gawayi ta ga Saratu ta daina zuwa. Mai niƙa bai ga Rifkatu da bokitin masara ba. Maƙwabta ba su ji ƙamshin daddawa ta kan katanga ba, ba su ji ƙarar muciya ba. Sannan a makarantar Lahadi malama ta tambayi yara abin da suka ci da safe, Godiya ta ce ganye, kuma Kaka ya ce ba za a ƙara dafa abinci a gidansu ba. Matan coci suka haɗa wannan da ramar da na yi, suka yanke cewa talauci ya kama gidan dattijo, girman kai ya hana shi faɗa. Cikin mako suka tara shinkafa da manja da taliya a asirce. Ni ban san komai ba.

Ran Lahadi bayan wa'azi Fasto ya tashi ya ce Zumuntar Mata ta kawo masa wata magana mai nauyi. Akwai wani gida a cikinmu da aka yi sati uku ba a ɗora tukunya ba, kuma da ƙananan yara. Ya ce ba zai kama suna ba, a dai sa su cikin addu'a, mata za su kai musu ɗan taimako bayan sujada.

Za ku ce ai nan take ya kamata in gane. Ban gane ba ko kaɗan. A tunanina gidan da ake nufi gidan yunwa ne, ni kuwa gidana gidan ilimi ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga hannu, ban jira an ba ni dama ba na miƙe.

Na ce, "Fasto, a gafarce ni. Wane irin maigida ne wannan? Idan shi ya ga dama ya kashe kansa da yunwa, ruwansa. Amma yara me suka yi masa? Yaro ba ya iya faɗa, cikinsa ne ke faɗa. Mutum yana gani jikokinsa ko 'ya'yansa suna ramewa ya yi shiru saboda girman kai? Ni na ba da rabin buhun masara. Kuma da ni za a je, ina so in kalli mutumin nan ido cikin ido."

Coci ya yi tsit. (Na ɗauka maganata ce ta ratsa su.) Fasto ya share gumi ya ce, "Baba, ka huta, mata za su wadatar." Na ce sam. Na waiga ɓangaren mata don in ga ko Saratu tana alfahari da ni, sai na ga ta ja gyale ta rufe fuska har haɓa. Na ce a raina, tausayi ya kama ta.

Uwar Zumunta, Mama Hannatu, mace ce da ba ta ɓata magana. Ta ce, "Fasto, a bar Baba ya zo. Ya fi kowa sanin hanya."

Muka fito, mata wajen goma da kaya a kai, ni a gaba da jakata. Na ce mu fara biyawa ta gidana in ɗauko masarar. Mama Hannatu ta ce hakan ya yi daidai. A hanya ina ta ba su shawarar yadda za a yi wa mutumin magana, kada a sassauta masa.

Muka shiga gida. Na ciro makulli daga wuya na buɗe sito, na jawo buhu da kaina ina nishi, na ɗora a baro. Na kakkaɓe hannu na ce, "To, bismilla, ina muka nufa?"

Mama Hannatu ta ce, "Ku sauke kaya." Sannan ta dube ni. "Mun iso, Baba."

Na dubi ƙofa. Na dubi mata suna sauke shinkafa a tsakar gidana. Na dubi Bulus yana zaune a bakin ɗaki riƙe da guntun kokwamba, wandonsa ɗaure da igiyar zane. Wallahi sai a lokacin na gan shi da idon da mutane ke ganinsa. Wuyansa ya yi tsawo.

Na fara kame-kame. Na ce ba su fahimta ba, ba rashi ba ne, tsari ne na lafiya, akwai wani masani a waya. Mama Hannatu ba ta saurare ni ba, ta wuce ta leƙa siton da na bari a buɗe. Ga masara, ga wake, ga doya jere, ga murhu a kan buhu. Ta daɗe tana kallo kafin ta juyo.

Ta ce, "Wato abinci na nan."

Na ce, "Yana nan."

"Baba, da talauci ne da mun yi maka addu'a. Wannan kuwa ban san me za mu yi maka ba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ka ce kana so ka kalli mutumin ido cikin ido. Rifkatu, ɗauko wa Baba madubi."

Wata daga baya ta fashe da dariya, sauran suka bi. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Mama Hannatu ta shiga kicin ta fito ta tambayi inda kan tukunyar gas yake. Na ƙara rungume jakata. Saratu, wadda ta shigo bayanmu, ta buɗe baki a karon farko ta ce, "Ku duba wajen Littafin Zabura." Haka na zuge jaka a gaban matan coci, na ciro kan gas daga tsakanin Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, na miƙa da hannu biyu.

Ba su tafi ba. Nan suka tuɓe gyale, wata ta kai masarata niƙa, wata ta hura gawayi, wata ta kunna gas. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a gidana, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Barka da arziki!" Aka tuƙa tuwo da miyar kuka, aka fara zuba wa Bulus. Ya ci, ya ci, aka ƙara masa, har barci ya ɗauke shi a zaune da hannu cikin kwano. Rifkatu ta ɗauke shi tana share hawaye da bayan hannu. Wannan ya fi dariyar matan yi mini ciwo.

Ni ma an ajiye mini nawa. Na so in ja aji, amma ƙamshin daddawa bai bar ni ba. Mama Hannatu ta ce, "A ci a hankali, Baba, an ce wuta tana kisa."

Da suka watse na tambayi Saratu ko ta san da maganar tun farko. Ta ce ba ita ta kai ƙara ba, amma da ta ji ana tara kaya ba ta hana ba. Ta ce, "Sau uku na faɗa maka a ɗaki don in rufa maka asiri. Kai ka zaɓi a faɗa maka a tsakar gida." Na nemi gafararta. Na kira Rifkatu ita ma na roƙe ta, abin da ban taɓa zaton zan yi wa suruka ba. Ta ce, "Ba komai, Baba," kuma wannan karon na saurari yadda ta faɗe shi.

Washegari muka kai Bulus asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta ji labari, ta ce 'ya'yan itace da ganye suna da kyau amma cikin yaro ƙarami ne, yana bukatar dafaffen abinci mai riƙe ciki. Ta tambaya wa ya kawo wannan shawara. Na ce wani dattijo ne a unguwarmu, amma an riga an yi masa faɗa.

Yau Bulus ya murmure, kaji sun koma gudu. Jinina ya sauka da maganin likita da rage gishiri, kamar yadda ta faɗa tun farko. Ina cin karas ɗina da kabeji a gefen tuwo, kuma jikokin sun sa mini suna Kaka Zomo, ina amsawa. Rabin buhun nan ma na cika alkawari, na ba Zumunta suka kai inda ake bukata da gaske. Har yanzu idan Fasto ya ce akwai wani gida a cikinmu, sai in ga kawuna sun juyo wajena, ni kuma in kama bakina.

Roƙona gare ku, musamman tsofaffi irina da aka saya wa waya: idan wani mai farar riga ya burge ku, ku gwada a kan cikinku ku kaɗai, ku bar wa yara kununsu. Idan matar gida ta kira ku ɗaki ta ce ku dubi yaro, ku dube shi tun a kiran farko. Kuma in kun ji ana neman wani maigida marar tunani, kafin ku ɗaga hannu ku fara tambayar sunan layinsu.