Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar da Ta Tafi da Amsa a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tashi ba, Malamar ilimin taurari ke sanar da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda kowa ya sani da Tsohuwa.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta a kan aiki guda. Masana sun ce akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ke ta buɗa sararin samaniya, yana ƙara nesanta taurari da juna. Malama na da nata lissafin kan halin wannan ƙarfi, Tsohuwa kuma ita ce alƙaliya: takan gwada lissafin da abin da na'urorin hangen nesa suka auno. Ba ta san sani ko sabo ba. Sau da dama ta ƙaryata Malama a gaban ɗalibai, Malama ta haɗiye, ta koma ta gyara.

Ciwon ajali ya fara da tari, ƙyar-ƙyar-ƙyar, sai zazzaɓi, sai wani wari da Malama ta daɗe tana ɗora wa takalmin abokin ofishinta. Ta roƙi a kira mai gyara, Shugaban Sashe ya ce a kafa kwamiti. Ana tsakiyar gwajin ƙarshe, wanda digirinta ya rataya a kansa, Tsohuwa ta yi tiii, ta cika.

Da aka buɗe gawar, sai ga mataccen ɓera ya kumbura a jikin fanka, ga kyankyasai kakanni da jikoki, ga ɓarɓashin biskit ya yi funfuna. Biskit ɗin na abokin ofis ne, wanda ya mai da kan marigayiya teburin cin abinci. Malama ta fita da gudu, hannu a baki. Shekaru tana neman abin da ido ba ya gani a ƙarshen sama, ashe wani na nan yana ruɓewa dab da gwiwarta.

Tsohuwa ta rasu ta bar allo makaho, da madannai masu danƙo, da Malama, wadda za ta faro gwajin daga tushe a kwamfutar aro.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a jujin bayan ɗakin bincike. Mai gyara ya ƙi wankan gawa, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Masu rakiya su zo da abin toshe hanci. Abokin ofis ne zai ɗauki gawar, shi kaɗai, ba safar hannu.